Wasiƙar Iyaye: Maganar Kwalaben Yashin da Yara Ke Kawowa Gida

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon yara.

Da fatan damina ta zo mana da alheri. Makon jiya iyaye mata da dama sun leƙo ofis suna tambayar me ya sa 'yan aji biyar da shida ke cika kwalabe da ƙasa suna jerawa a taga. Wata uwa ta ce sau biyu tana zubar da na ɗanta, a zatonta wasan banza ne. Hajiya, a yi mana afuwa, mu ne ba mu sanar da wuri ba. Aikin darasin kimiyya ne.

Wata yarinya ce ta tayar da zancen a aji. Ta ce tunda Legas bakin teku ce, don me yashin Lekki da Badagry fari ne, amma da an haƙa ramin gini a nan Agege ko Ikeja sai ja ya fito? Amsar a taƙaice ita ce tsatsa, irin wadda ke cin kwanon rufi.

Yawancin ƙwayoyin yashi wani dutse ne mai tauri, mai kama da gilashi, wanda ba shi da launi. A tsakaninsu akwai 'yan baƙaƙen ƙwayoyi masu ɗauke da ƙarfe. In yashi ya samu wuri ya zauna a tudu, ruwan sama ya jiƙa shi, rana ta busar, shekara bayan shekara, sai ƙarfen nan ya narke kaɗan-kaɗan, ya gamu da iska, ya yi tsatsa, ya shafe kowace ƙwaya kamar yadda lalle ke kama tafin hannu. Da farko ruwan ɗorawa yake yi, sai an daɗe ƙwarai ya nuna ya koma ja. Ƙarfe kaɗan ya isa ya rina tudu guda. Shi kuwa na bakin ruwa, igiyar teku ba ta barinsa ya huta, kullum cikin wanki da gurza yake, to ina lalle zai kama?

Malamin kimiyya ya nuna musu wannan da idonsu. Ya zuba jan yashi a roba, yara suka yi ta cuɗawa suna tsiyaye ruwa. Ruwan ya fita jajur, abin da ya rage a ƙasa kuwa sai haske yake ƙarawa. Wani yaro ya ɗaga ƙwaya ɗaya a yatsa ya ce, "Malam, ashe farin ne ya sa riga!"

To daga ina yashin ya zo? Namu na nan koguna ne suka kwaso shi daga duwatsun cikin ƙasa tun zamani mai nisa, suka shimfiɗa a gaɓa. Shimfiɗar ta miƙe har birnin Benin da Neja Delta, duk wanda ya bi motar Benin ya san jar ƙasar can. A wasu ƙasashe kuma iska ce ta yi aikin. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Amurka, ruwan teku ya sauka da wajen mita 120, sai filin yashi ya buɗe inda a yau ruwa yake. Iska ta kwashe shi ta tara tuddai a kan gaɓa, tsatsa ta biyo baya. Haka jajayen tuddan da ke kusa da birnin Visakhapatnam na Indiya suka samu, kuma tun 2014 suna cikin wuraren da hukumar binciken ƙasa ta Indiya ta ware don adanawa. Mu 'yan Arewa ba baƙi ba ne a wannan harka: irin ƙarfen da ke cikin jan dutse ne maƙeran farko suka riƙa narkarwa a Dutsen Dala.

Abin da muke roƙo a gida kaɗan ne. Kowane yaro yana da kwalba biyu, ɗaya mai jan yashi, ɗaya mai farin yashi da ƙusa a binne a ciki. A bar shi ya riƙa yayyafa wa ta ƙusar ruwa, ta bushe, ya sake, yana rubuta abin da ya gani. A ajiye inda ƙanana ba za su kai hannu ba, saboda ƙusar.

Bayan hutun rabin zango, in Allah ya yarda, za mu kai azuzuwan biyu bakin teku a Badagry da maganaɗisu, su tsamo baƙaƙen ƙwayoyin nan da kansu. Babu yaron da zai shiga ruwa, tekun wajen nan ba ya wasa. Takardar izini tana cikin jakar kowa, a sa hannu a dawo da ita ranar Litinin. Ranar tafiya kuma a sa musu tsofaffin kaya, don za mu tsaya a wani ramin jar ƙasa a hanya, iyaye mata sun fi mu sanin abin da take yi wa farar safa.

Wassalam,
Shugaban Makaranta