Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kafin Lokacin Guguwa Ya Kama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma kun fara sabawa da gidan da kuka koma a Houston, a jihar Texas ta Amurka. Na zaɓi in rubuta maka wannan magana domin ka ajiye ta, ka karanta wa matarka, ku riƙa dawowa gare ta. Tun da ka gaya mini inda aikinka ya kai ku nake bin labarin yankin, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahaukaciyar guguwar da ke tasowa daga Tekun Atilantika da Mashigin Tekun Meksiko, wadda lokacinta ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ta kuma fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. A da kai kaɗai ne, kana iya ɗaukar jakarka ka kwana ko'ina. Yanzu akwai mace da yara ƙanana a wuyanka, kuma shirin da gidan zai dogara da shi ranar tashin hankali naka ne.

Da farko ina so ka gyara yadda kake kallon haɗarin. Idan ka ji an ce guguwa tana mataki na 1 ko na 4, ƙarfin iska kawai ake nufi: mataki na 1 yana farawa daga gudun mil 74 a sa'a, na 5 kuwa daga mil 157. Wannan ma'auni bai ce komai ba game da ruwa, alhali ruwa ne ke kashe mafi yawan mutanen da guguwa ke kashewa a Amurka, ko dai ruwan teku da iska ke tunkuɗowa kan tudu, ko ruwan sama da ke cika ƙoramu da tituna. Birnin da kuke ciki ya ga haka da idonsa. A watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta sauka kusa da garin Rockport da ke gaɓar Texas tana mataki na 4, amma a lokacin da ta nutsar da Houston iskarta ta riga ta yi sanyi. Tsayawa ta yi kwanaki tana zubar da ruwa, har wani wuri a kudu maso gabashin Texas ya sami fiye da inci 60, wato kusan mita ɗaya da rabi. Da yawa daga gidajen da ruwa ya cinye suna wajen yankin da taswirar hukuma ta nuna a matsayin mai haɗarin ambaliya. A New Orleans ma, a 2005, ɓallewar shingayen ruwa ce ta sa kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse bayan guguwar Katrina. Saboda haka kada ƙanƙantar lamba ta kwantar maka da hankali, kuma kada maganar wanda ya ce unguwarku ba ta taɓa ambaliya ba ta ishe ka.

Daga nan sai babbar tambaya, wadda nake roƙonka ku amsa kai da matarka tun yanzu da sararin sama ke wasai: za ku fita ne ko za ku zauna? An kasa yankin Houston da Galveston kashi-kashi na kwashe jama'a bisa lambar gidan waya ta kowace unguwa, don haka ka duba ka san kashin da gidanku yake. Idan kuna cikin kashin da ruwan teku ke iya kaiwa, kuma hukuma ta ce a fita, ku fita a ranar, ba tare da jiran ganin abin da maƙwabta za su yi ba. Idan kuma kuna nesa da gaɓa, a gida mai ƙwari da ke kan tudu, sau da yawa zama ya fi hawa hanya. A watan Satumbar 2005, makonni kaɗan bayan Katrina, tsoron guguwar Rita ya sa miliyoyin mutane suka fito daga yankinku a lokaci guda. Motoci suka cushe a manyan tituna cikin tsananin zafi, mai ya ƙare wa mutane, kuma fiye da mutum 100 suka rasu a wajen gudun, da yawansu daga unguwannin da guguwar ba za ta cutar ba. Ni a ganina wannan shi ne darasi mafi nauyi a tarihin birnin, domin yana nuna cewa shawarar da aka yanke cikin firgici tana iya zama ajali. Ku san gidan da za ku sauka, ku san hanya biyu da ke kai ku can, kuma daga farkon Yuni kada man motarka ya sauka ƙasa da rabin tanki.

Cibiyar Kula da Guguwa ta Ƙasa da ke Miami tana fitar da sanarwa iri biyu. Ta farko, wadda ke cewa a zauna cikin shiri, tana fitowa kimanin sa'o'i 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso. Ta biyu, wadda ita ce gargaɗi, kimanin sa'o'i 36. A cikin wannan ɗan lokaci kantuna kan ƙare da ruwa da batir, gidajen mai kan cika da layi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da zan lissafa maka a ƙasa na watan Mayu ne, ko kuma na wannan makon idan Mayu ya wuce.

Ruwan sha ne kan gaba. Ƙa'idar da hukumomin can suke bayarwa ita ce galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a kowace rana, na aƙalla kwana uku. Ni ina ba ka shawarar ka tanadi na mako guda, domin kuna da yara, kuma zafin Houston yana sa a sha fiye da lissafi. Idan an yi gargaɗi, ku cika bahon wanka da bokitai don ban-ɗaki da wanke-wanke. Idan ruwan famfo ya gurɓace, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana zaɓalɓala kafin a sha. Abinci kuwa ya zama wanda ba ya bukatar firiji ko dogon girki, kuma wanda yaran suka saba ci, tare da mabuɗin gwangwani na hannu. Idan wuta ta ɗauke, firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin sa'o'i 4, firiza cikakkiya kuma kimanin sa'o'i 48. Abin da ya wuce haka na nama da madara a zubar, ko da ana jin asararsa. Ka ajiye magungunan da wani a gidan yake sha kullum na aƙalla mako biyu, da madarar jinjiri da kunzugu, da akwatin taimakon gaggawa, da tocila ga kowane babba, da rediyo mai batir, da ma'ajin cajin waya da aka cika. Ka riƙe tsabar kuɗi a ƙananan takardun dala, domin kati ba ya aiki inda babu wuta.

Akwai abin da ya shafe ku fiye da maƙwabtanku da aka haifa a can, wato takardu. Fasfo, da takardun izinin zama da na aiki, da shaidar haihuwar yara da ta aure, duk ka haɗa su a jaka guda da ruwa ba ya shiga, a ajiye a wuri mai tsayi da hannu ke kaiwa cikin duhu, sannan ka ɗauki hotonsu ka adana a intanet. Wanda ya rasa waɗannan a ƙasar da ba tasa ba yakan yi watanni yana fama. Haka nan inshora: wadda aka saba yi wa gida ko kayan mai haya ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Ta ambaliya daban ake sayenta, galibi ta shirin gwamnatin tarayya da hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke gudanarwa, kuma a bisa ƙa'ida sai ta cika kwana 30 kafin ta fara aiki, don haka wanda ya saya bayan an ambaci sunan guguwa a labarai ya makara. Ka zagaya gidan da wayarka ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki da abin da ke cikinsa, domin ranar neman diyya ita ce shaidarka.

Gidan kansa ba ya bukatar dogon bayani. Ka sa a datse rassan da suka rufa kan rufi, a share magudanun ruwa, kuma idan guguwa ta doso a shigar da kujeru da kwandon shara da kekunan yara, domin iska tana mayar da su abin jifa. Manna salatif a gilashin taga ba ya hana shi fashewa. Katako mai kauri da aka auna aka yanke tun da wuri shi ke karewa. Ka kula da ƙofar gareji, domin idan ta ɓalle iska kan shiga ta ɗaga rufin daga ciki. Kai da matarka ku san inda ake kashe wutar gidan gaba ɗaya da inda ake rufe ruwa da gas, kuma ku gwada da hannunku.

Idan kun zauna kuma iska ta iso, ku koma ɗaki na tsakiya marar taga a hawa na ƙasa. Idan iskar ta tsaya cak bayan ta yi ta hauka, kada kowa ya fita, domin mai yiwuwa tsakiyar guguwar ce ke wucewa, kuma iska za ta dawo daga ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. Idan ruwa ya shigo yana hawa, ku kashe wuta tun ƙafarku tana kan busasshen wuri, ku hau sama, amma kada ku shiga kogon da ke tsakanin silin da rufi matuƙar ba shi da mafita, domin mutane sun maƙale a irin wannan wuri ruwa ya cim musu. Gara a hau kan rufin a kira lambar gaggawa ta 911. Ina kuma gargaɗinka da babbar murya game da tuƙi cikin ruwa, domin na san halin matasa da amincewa da mota. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana tafiya da ƙaramar mota, kuma ba ka ganin ko titin da ke ƙarƙashi yana nan. Houston tana da tituna da yawa da ke nutsawa ƙarƙashin gadoji, kuma a can ne ruwa ke fara taruwa. Ka juya, ko da wurin aiki ne ke kiranka.

Kwanakin da ke biyo bayan guguwa su ne mutane suka fi rainawa, kuma su ne suka fi ba ni tsoro. A ranar 8 ga Yulin 2024 guguwar Beryl ta sauka kusa da garin Matagorda da ke gaɓar Texas tana mataki na 1 kacal, amma ta bar gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 2 babu wuta, wasu fiye da mako guda, a tsakiyar zafi, har zafin ya kashe mutane a cikin gidajensu. A irin wannan hali kowa kan koma ga janareta, kuma nan ne wata musibar take. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci, mai barcin kuma ba ya farkawa. Bayan guguwar Laura a Louisiana a 2020, da yawa daga waɗanda suka rasu wannan iska ce ta kashe su bayan hadarin ya wuce. Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa da gida. Ba a kunna shi a gareji ko da ƙofar a buɗe take, ba a kuma jona shi kai tsaye da soket ɗin bango, domin wutar tana komawa kan layi ta kama ma'aikatan da ke gyara. Ka sa na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska kusa da ɗakunan kwana, tare da ta hayaƙin gobara, ka riƙa gwada su kowane wata. Ku yi amfani da tocila a maimakon kyandir, ku nisanci duk wayar wuta da ta faɗo, kuma kada yara su taka ruwan ambaliya, domin yana haɗe da ƙazantar masai da sinadarai. Idan zafi ya yi yawa kuma wuta ba ta dawo ba, ka kai su cibiyoyin shan sanyi da hukumomin birni ke buɗewa, kada ka ce za a daure.

Wannan tanadi ɗin shi ne zai yi muku amfani a sauran larurori. A watan Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya durƙusar da wutar lantarkin Texas, miliyoyin mutane suka kwana cikin duhu, bututun ruwa suka farfashe, kuma hukumomin jihar sun ƙidaya mutum 246 da suka rasu, cikinsu har da waɗanda suka kunna gawayi a ɗaki ko mota a gareji don jin ɗumi. Abin da za ka ƙara a kan kayan guguwa shi ne barguna da abin naɗe bututun da ke waje.

Na san za ka iya cewa komai na Allah ne, kuma gaskiya ne. Amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma iyalinka amana ce da za a tambaye ka a kanta. Ka kuma san maƙwabtanka tun yanzu, musamman tsofaffi da masu zama su kaɗai, domin a ambaliyar Harvey mutane da yawa maƙwabta da masu ƙananan jiragen ruwa ne suka fito da su kafin jami'ai su iso. Ka koya wa babban yaronku cikakken sunansa da adireshin gida da lambar wayarka. Ku zaɓi mutum ɗaya da ke zaune a wata jiha wanda kowa zai sanar da halin da yake ciki idan kun rabu, ku riƙa aika rubutaccen saƙo, domin yakan wuce a lokacin da kira ya ƙi shiga.

Idan ka duba, ka rubuto mini kashin da unguwarku take, da inda za ku sauka idan an ce a fita, da lambar wanda kuka zaɓa, domin mahaifiyarka ta san wanda za ta kira idan wayarku ta yi shiru. Tana gaishe ku, kuma ta ce a shafa mata kan jikokinta. Allah Ya tsare ku, Ya yi muku albarka.

Mahaifinka.