Zuwa ga ɗana a Liyej ta ƙasar Beljiyam, kafin ka shiga fili cikin ruwa

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin ƙasar? Mu nan Garwa lafiya ƙalau, damina ta zauna, Binuwai ya cika. Saƙonka ya iso cewa ka biya kuɗin shiga filin tseren motoci na Spa a ranar da ake buɗe shi ga masu koyo, kuma ana sa ran ruwa. Mahaifiyarka ta so in hana ka. Ban hana ba, amma ka saurare ni da kyau.

Da sitiyari na ciyar da ku, tsakanin Ngaundare da Kusiri, kuma abin da hanyar ta koya mini shi ne busasshiyar kwalta tana rufa wa direba asiri. Ya taka birki da garaje, ya fizgi sitiyari, taya ta riƙe, sai ya ɗauka ya iya. Ranar da aka yi ruwa ake sanin gaskiyarsa. A jiƙaƙƙiyar kwalta mota kan fara zamewa tun gudu bai yi nisa ba, saboda haka za ka ji a jikinka inda riƙon taya yake ƙarewa alhali kana da sauran dama ta gyara. Mu a gangaren Falez na kusa da Ngaundare muka koyi wannan, kaya a baya, rami a gefe. Kai ka samu wurin da babu mai tahowa ta gabanka, babu mai babur, babu garken shanu. Dalilin da ya sa na yarda ke nan.

Sai dai Spa ba filin wasan yara ba ne. Zagaye ɗaya kilomita 7 ne cikin daji da tuddai, kuma akan yi ruwa a wani gefe, wani gefen a bushe. A watan Agusta na 2021 manyan direbobin Formula 1 ma ba su iya yin tsere a wurin ba saboda ruwa, zagaye kaɗan suka yi a bayan motar tsaro aka tashi. Ka ɗauki malami ya zauna gefenka, ko nawa ne, zan cika maka.

Riƙon taya kamar kuɗin cefane yake: abin da ka kashe a birki ba ka da shi a kwana. Ka gama birkinka mota tana miƙe, kafin ka karya sitiyari, ka saki birkin a hankali, kada ka koma kan totur sai ka hango mafita. Idan ka karya kwana gaban motar ya ƙi bi, ya ci gaba da tafiya miƙe, zuciyarka za ta ce ka ƙara murɗa sitiyari. Kada ka ƙara. Sassauta totur, ka ɗan warware sitiyarin, tayoyin gaba za su sake kamawa. Idan kuwa baya ne ya kwaso, ka kafa idonka inda kake son zuwa, ban da kallon katanga, domin hannu ido yake bi. Ka juya sitiyari ta ɓangaren da bayan ya nufa, ka shirya maido shi da wuri, don da yawa a komowar motar suke faɗuwa. In ta riga ta juya gaba ɗaya, ka danne birki da kuloci tare har ta tsaya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan da ya kwanta. Taya kan hau samansa ta rabu da kwalta, sitiyari ya yi sakayau a hannunka. A nan ba birki, ba kwana: riƙe shi miƙe, ka ɗaga ƙafa sannu har ka ji nauyi ya dawo. Dokar Turai ta yarda zurfin zanen taya ya sauka har milimita 1.6, amma ni ban yarda ka shiga ruwa da ƙasa da 3 ba.

Wani abu da ya bambanta zamaninku da namu: mu birki muke bugawa muna saki. Motarka tana da ABS, na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki, in ka danne da ƙarfi za ka ji feda tana rawa ƙarƙashin ƙafarka. Aikinta take yi, ka ci gaba da dannewa. Na'urar ESP mai hana mota juyawa kuwa ka bar ta a kunne, ko da wani ya ce maka ta ragwaye ce. Ka guji fenti da jan-da-rawayan bakin kwana, da baƙin layin da tayoyi suka goge da roba, duk santsi ne in sun jiƙe. In an ɗaga tuta rawaya a gefen fili, rage gudu ba wuce kowa. Ja, an tsayar da kowa. Shuɗiya, mai sauri na bayanka, ba shi hanya ba tare da jin kunya ba. Ka tambayi kamfanin inshorarka tukuna, yawancinsu ba sa biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere.

In an tashi, ka zauna ka sha shayi kafin ka kama hanyar gida. Wanda ya wuni yana gudu, kilomita 120 a awa kan zame masa kamar tafiyar ƙafa, alhali in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa huɗu yake ninkawa. Da ka isa ɗaki ka kira mahaifiyarka, ba za ta yi barci ba sai ta ji muryarka. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka