Takardar Koke Kan Kare 'Ya'yanmu Daga Cin Zarafi A Coci

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,

Allah ya ja zamanin Sarki. Mu iyaye ne mabiya ɗariƙar Katolika da ke zaune ƙarƙashin inuwarka, kuma kukan 'ya'yanmu muka kawo gabanka.

Ranka ya daɗe, a 2002 jaridar Boston Globe ta Amurka ta bankaɗo yadda manyan coci suka san wani limami, John Geoghan, yana lalata da yara, amma ba su miƙa shi ga hukuma ba. Sai dai a sauya masa wurin aiki, ya je ya tarar da wasu yaran. Kadinal Bernard Law, shugaban cocin Katolika a birnin Boston, ya yi murabus a ƙarshen shekarar. A 2018 bincike a jihar Pennsylvania ta Amurka ya gano limamai sama da 300 da ake zargi da cutar yara sama da 1,000. A Faransa kuwa, kwamiti mai zaman kansa ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kimanin 216,000 abin ya shafa tun daga 1950.

Rufa-rufar ce ta fi ƙona mana rai. Yaro ya daina cin abinci, ya ƙi zuwa ajin katekisma, wato ajin koyon addini a coci, ranar da ya buɗe baki sai a ce masa, "Kul! Bawan Allah ne." Uwa ta kai ƙara, a ce ta yi haƙuri kada a zubar da mutuncin Ikilisiya, a sasanta a ɗaki. Wallahi wannan shirun yana ɓata sunan limamanmu na kirki, kuma su ne mafi yawa.

A 2019 Fafaroma Francis ya kafa doka cewa kowace dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop guda, ta buɗe hanyar karɓar irin wannan ƙorafi, ya kuma ɗage dokar sirri da ake fakewa da ita. Muna so mu gani a ƙasa.

Don haka muna roƙon Sarki ya gayyaci Bishop, ya karɓi alkawari a rubuce: duk zargin da ya taso a kai shi ga 'yan sanda nan take, a dakatar da wanda ake zargi daga hulɗa da yara har a gama bincike, kada a ɗauke shi a kai wani coci a ɓoye. A sa iyaye mata cikin masu karɓar ƙorafi, domin yaro ya fi sakin jiki da su. Iyalin da suka yi magana kuma, Sarki ya tsaya musu kada a tsangwame su.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Talakawanka masu biyayya,
Iyaye mabiya ɗariƙar Katolika