A Bar Wa Mai Ƙirƙira Kalmarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shekara 27 ina koyar da lissafi, amma yau kan kalma ɗaya na ɗauki alƙalami, wato ƙirƙira. Na gaji da karantawa a jaridu cewa shugaba wane ya "ƙirƙiro" shiri kaza, alhali hannu kawai ya sa a takarda. Wannan amincewa ce, ko ƙaddamarwa.

Ni a kunnena ƙira nake ji a cikin kalmar. Maƙeri ba shi ya yi ƙarfe ba, halitta ta Allah ce. Amma shi yake hango lauje a cikin guntun ƙarfe tun bai sa shi a wuta ba, ya yi ta bugu har abin ya fito. Mai wannan hangen da wannan bugun shi ya cancanci kalmar.

A dubi Louis Braille na Faransa, wanda ya makance tun yana ƙarami. Ya tarar da rubutun ɗigo 12 masu tudu da ake karantawa da yatsa, na wani Bafaranshe Charles Barbier, amma rubutun ya yi wa kan yatsa faɗi. A 1824, yana ɗan shekara 15, ya mayar da shi ɗigo 6, yadda taɓawa ɗaya ta isa a gane harafi. Sai 1854 makarantar makafi ta Paris ta karɓi tsarin a hukumance, shekara biyu bayan mutuwarsa. Har gobe sunansa rubutun yake amsawa, ba na waɗanda suka amince ba.

Abin da ya sa maganar take min zafi, wata ƙaramar malama ce da muka yi aiki tare. Na sha ganinta bayan an tashi, zaune a ƙasan aji tana jera marafan kwalba layi-layi, ta rushe ta sake, har ta samo yadda yaro zai ga 7 sau 8 da idonsa. Da rahoto ya fita, shugaban makaranta aka ce ya ƙirƙiro. Ba ta ce uffan ba, amma daga ranar ba ta ƙara kawo wata dabara taron malamai ba.

Roƙona, Malam Edita, duk wakilin da ya kawo maka labari da "ya ƙirƙiro" a ciki, ka tambaye shi a ƙwaƙwalwar wa tunanin ya fara tsirowa. In bai sani ba, ya rubuta "ya ƙaddamar".

Naka,
Wani malamin lissafi