A Bai Wa Mata 'Yan Boksin Minti Uku a Kowane Turmi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu tofa albarkacin bakinmu kan taƙaddamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a damben boksin na mata, wato maganar tsawon turmi. Masu kallon damben gargajiya sun san cewa a can kisa ko rabuwar alƙali ke kawo ƙarshen turmi. A boksin kuwa agogo ne ke da iko, kuma har yau agogon maza daban, na mata daban.

Idan maza ƙwararru za su kara a kan kambun duniya, turmi 12 ake yi, kowanne minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. Jimilla minti 36 ke nan ana musayar naushi. Mata kuwa galibi turmi 10 ne, minti biyu-biyu, wato minti 20. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a damben da ba na kuɗi ba an daɗe da wuce wannan wurin. Da aka fara shigar da mata gasar Olamfik a Landan a 2012, turmi huɗu suke yi na minti biyu. Bayan gasar Rio ta 2016 aka mayar da su turmi uku na minti uku, daidai da maza, kuma a haka aka yi gasar Tokyo da ta Paris. To ka ga yarinya za ta shekara biyar ko takwas tana dambe a minti uku, ranar da ta zama ƙwararriya, ta fi ƙarfi ta fi sanin aiki, sai a ce mata ta koma minti biyu don kare lafiyarta. A gasar UFC ma, wadda ake haɗa naushi da shuri da kokawa, mata minti biyar suke yi a turmi kamar maza, damben kambu kuma turmi biyar.

Amanda Serrano, 'yar Puerto Rico, ita ta fito da maganar fili. Ranar 27 ga Oktoba 2023, a Orlando da ke jihar Florida, ta kara da Danila Ramos 'yar Brazil turmi 12 na minti uku, ta kuma cinye duka turmin a takardun alƙalai uku. Tun bayan wanda Layla McCarter 'yar Amurka ta yi a 2007 ba a ga irin wannan a damben kambun mata ba. Cikin manyan hukumomi huɗu masu ba da kambun duniya, WBA da IBF da WBO sun amince aka sa kambunsu. Ta huɗun, WBC, ta ƙi. A watan Disamba na shekarar Serrano ta ajiye kambun WBC, kuma a 2025 Chantelle Cameron ta Ingila ta bi sahu saboda dalili guda. Duk da haka, karo uku da Serrano ta yi da Katie Taylor 'yar Ireland, a 2022 da 2024 da 2025, duk a minti biyu aka yi su.

Minti ɗayan nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san ciki. Farkon kowane turmi a auna tazara yake tafiya, ana gwada hannun gaba, ana neman ƙafa. Mai dabarar dukan jiki, wadda ke aika naushi ƙasan haƙarƙari wajen hanta don ta zubar wa abokiyar karawa numfashi, ribarta a minti na uku take zuwa, lokacin da hannaye suka fara sauka. Idan babu minti na uku, an zare mata makaminta. Haka idan aka kai wata ƙasa: ƙidaya zuwa takwas, goge safar hannu, duba idanu, duk za su cinye kusan daƙiƙa ashirin daga cikin 120. Kafin a kammala aikin ƙararrawa ta kaɗa. Shi ya sa bugun kwaf ɗaya ya yi ƙaranci a damben mata, sai kuma masu shirya wasa su fake da wannan ƙarancin su ce ba ya jan 'yan kallo, su rage kuɗi.

Alƙalanci ma yana shan wahala. Ana ba wadda ta ci turmi maki 10, ɗayar 9. A minti biyu sau da yawa ba a samun rata bayyananniya, sai wadda ta yi ruwan naushi a daƙiƙa goman ƙarshe ta sace turmin. Karon Taylor da Serrano na biyu a Texas, alƙalai uku duk 95 da 94 suka rubuta, kuma har gobe ana musu a kansa.

Ba za mu raina hujjar WBC ba, domin rai ake magana. Shugabanta Mauricio Sulaimán yana cewa bincike ya nuna mata sun fi saurin samun girgizar ƙwaƙwalwa, yana kuma kawo misalin tanis, inda mata ke buga zango uku maza biyar a manyan gasa. Akwai gaskiya a ciki. Nazarin da aka yi kan 'yan ƙwallon ƙafa da kwando a makarantun Amurka ya nuna mata sun fi samun wannan rauni, kuma ana danganta hakan da ƙarancin ƙarfin wuya. Gaskiya ne kuma daga minti 20 zuwa 36 ƙarin kashi 80 cikin ɗari ne, kuma gajiyayye ba ya kare kansa. Sai dai waɗannan wasanni ba dambe ba ne, kuma ba su gwada minti biyu da minti uku ba. Akwai ma inda gajeren turmi ke cutarwa: wadda ta ji naushi ta jirkice, ƙararrawa ta cece ta, a zuba mata ruwa, ta farfaɗo rabi da rabi, a sake tura ta ta karɓi wani. Maimaita duka a kan ƙwaƙwalwar da ta riga ta girgiza shi ne abin da likitocin dambe suka fi tsoro.

Mu tuna abin da WBC ɗin da kanta ta yi wa maza. Da Duk-koo Kim na Koriya ta Kudu ya faɗi a turmi na 14 a karonsa da Ray Mancini a Las Vegas cikin Nuwamba 1982, ya rasu bayan 'yan kwanaki, yawan turmi ta rage daga 15 zuwa 12. Ba ta taɓa minti ukun ba. Me zai hana a bi wannan hanya ga mata? Sannan an taɓa fakewa da lafiya a hana mata haƙƙinsu. Sai da Jane Couch ta kai hukumar damben Birtaniya ƙara ta yi nasara a 1998 kafin a ba mace lasisi a can, kuma cikin hujjojin da aka kawo har da cewa al'adar wata-wata tana dagula wa mata tunani.

Abin da ke kashe 'yan dambe sau da yawa kafin a kaɗa ƙararrawar farko yake farawa. Jeanette Zacarías Zapata 'yar Meziko, mai shekara 18, ta rasu a Montreal ta Kanada a farkon Satumba 2021. Damben turmi shida ne kacal, kuma a na huɗu aka tsayar. Watanni kaɗan kafin nan an yi mata bugun kwaf ɗaya a ƙasarta. Ɗan Najeriya Gabriel Olanrewaju kuwa a turmi na uku ya yanke jiki ya faɗi a Accra cikin Maris 2025, ya kuma rasu. Babu ɗaya daga cikinsu da dogon dambe ya ci.

Shawararmu ita ce a fara da tsawon turmi, yawansa ya biyo baya a hankali. Sabuwar ƙwararriya ta fara da turmi huɗu na minti uku, tunda ta saba da uku. Bayan karo uku ko huɗu ta hau shida, daga nan takwas. Kambu ya zama turmi 10 na minti uku, minti 30 ke nan. Turmi 12 kuma a bar shi ga manyan da suka riga suka yi goma sau biyu aƙalla, kuma sai dukkansu sun sa hannu a kwantiragi. Kuskure ne babba a ɗauko wadda ta shekara goma a minti biyu a jefa ta turmi 12 da atisayen mako shida. Za ta fito da saurin da ta saba, kafin turmi na biyar ƙafa ta mutu, haɓa ta fito fili. Irin wannan tana buƙatar mako goma zuwa goma sha biyu, a mayar da agogon ɗakin atisaye gaba ɗaya minti uku, har da dukan buhu da tsallen igiya, a koya mata inda za ta huta a cikin turmi da hannun gaba da taku. Damben gwaji mai zafi kada ya wuce sau biyu a mako, a kuma daina shi kwana goma kafin karo. Ƙarfafa wuya ya zama aikin sau uku a mako, tunda nan ne rauni yake.

Sai maganar nauyi, wadda a wurinmu ta fi agogo haɗari. Wadda ta ƙona kilo huɗu ko biyar na ruwan jiki cikin kwana biyu don ta hau sikeli, ba ta gama murmurewa kafin washegari. A riƙa auna su kwana 30 da kwana bakwai kafin karo, a kuma sake awo da safiyar ranar, kamar yadda IBF ke yi, inda ba a yarda a ƙara fiye da fam 10 ba, wato kusan kilo huɗu da rabi. Mai horarwa ya san kwanakin al'adar 'yar wasansa, domin jiki kan riƙe ruwa a lokacin, kuma a auna jininta don gano ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ke kawo gajiyar da za a ɗora wa minti uku laifinta. Gwajin ciki wajibi ne. Hoton ƙwaƙwalwa duk shekara, kamar yadda ake yi a Birtaniya. Wadda alƙali ya tsayar mata da dambe ta huta kwana 30, wadda aka sumar kwana 60 aƙalla, kuma ba karo kawai ba, har damben gwaji. Takardar dakatarwar ta bi ta duk ƙasar da ta je.

Kuɗi kuma dole su bi aiki. Wasu manyan 'yan damben mata ba sa ɗokin minti uku, kuma muna fahimtarsu: daga minti 20 zuwa 30 ƙarin rabin aiki ne, babu mai son ya ƙara shan duka a kan tsohon farashi. A rubuta tsawon turmi da ladansa a layi ɗaya cikin kwantiragi.

Najeriya na da ruwa da tsaki a nan. Elizabeth Oshoba, wadda ta ci azurfa a gasar ƙasashe renon Ingila a Birmingham a 2022, yanzu ƙwararriya ce, kuma akwai na bayanta. Damben da ba na kambun WBC ba ba ya buƙatar izinin WBC. Hukumar wurin da ake wasan ce ke amincewa, kamar yadda ta Florida ta yi wa Serrano. Don haka muna kira ga hukumar damben ƙwararru ta Najeriya ta fara ba da izinin turmi huɗu da shida na minti uku ga matan da suka fito daga damben da ba na kuɗi ba, da sharaɗin likita biyu a bakin dandamali, motar asibiti mai iskar numfashi a ƙofa, da asibitin da ke da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa wanda za a iya kaiwa cikin awa ɗaya. A kuma riƙa rubuta turmin da aka tsayar da kowane karo da raunin da aka ji, a buga alƙaluman a ƙarshen kowace shekara.

Wassalam.

Daga wasu masu horar da 'yan boksin da alƙalan wasa,
Kaduna.