Mai albashi ma yana da haƙƙin obatayim a Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka taimaka mini da ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, in yi magana da 'yan uwa masu neman halak a Amurka, musamman sabbin zuwa. Shekarata goma sha ɗaya a Houston, kuma abin da zan faɗa a jikina na koye shi.

Na yi aiki a kantin wani gidan mai, ana biyana gwargwadon awannin da na yi. A 2021 maigidan ya kira ni ofis ya ce ya ƙara mini girma, na zama mataimakin manaja, albashi dala 650 duk mako. Na buga waya gida na shaida wa Inna, har sadakar ƙosai ta yi. Wata bai cika ba na gane an yi mini sakiyar da ba ruwa. A da, duk awar da ta haura 40 a mako, ninki ɗaya da rabi nake karɓa, wato obatayim ke nan. Yanzu in yi awa 58, in yi 60, albashi yana nan inda yake. Aiki kuwa bai sauya ba: ni ne karɓar kuɗi, ni ne jera kaya, ni ne goge-goge. Abin da ya ƙaru mini kawai makullin shago da bajo a ƙirji.

Da na yi ƙorafi sai ya ce ai mai albashi ba shi da obatayim. Na haɗiye, domin haka muka taso muna ji a gida: mai albashi sai ƙarshen wata, ko kwana ya yi a ofis. Sai wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke cike wa mutane takardun haraji ya ji labarina. Ya ce, "Ɗana, nawa ne albashin naka?" Ina faɗa masa ya girgiza kai.

Dokar ƙwadago ta tarayya, wadda Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a 1938, ba ta duba sunan muƙami. Kafin a hana mai albashi obatayim, sai albashinsa ya kai dala 684 a mako, wato dala 35,568 a shekara. Nawa bai kai ba, magana ta ƙare tun daga nan. To ko da ya kai, akwai sauran sharaɗi, kuma nan ne aka fi cutar mutanenmu: sai an duba ainihin aikin da mutum yake yi. Manajan da doka ta sani shi ne wanda gudanarwa ce babban aikinsa, yana da aƙalla cikakkun ma'aikata biyu a ƙarƙashinsa, kuma ana jin maganarsa wajen ɗauka da kora. Makanike da kafinta da mai aikin lantarki suna da obatayim komai tsokar albashinsu. Malaman makaranta da likitoci da lauyoyi kuwa doka ta cire su, su yi haƙuri.

Kada wani ya zaci maganar talakawa ce kaɗai. A 2023 Kotun Ƙoli ta ba wani ma'aikacin haƙar mai a teku gaskiya a kan kamfanin Helix, alhali yana samun fiye da dala 200,000 a shekara, saboda lissafin biyansa na kullum-kullum ne, ba tsayayyen albashi ba.

Wani abin da ya rikita jama'a: gwamnatin Biden ta ɗaga adadin zuwa dala 844 a watan Yulin 2024, da niyyar kai shi 1,128 a farkon 2025. A watan Nuwamban 2024 wani alƙalin tarayya a nan Texas ya soke ƙa'idar, aka koma 684. Amma jihohi irin su New York da California suna da nasu adadin da ya zarce na tarayya nesa ba kusa ba, saboda haka 'yan uwa na Bronx, a birnin New York, su tambayi na jiharsu.

Na kai kukana sashen albashi da awannin aiki na Ma'aikatar Ƙwadago. Ko sisi ban biya ba, kuma doka ta hana a kori mutum don ya kai ƙara. Abin da ya taimake ni wani ɗan littafi ne da matata ta matsa mini in riƙa rubuta lokacin shiga da fita, ni kuwa ina ganin fitina ce irin tata. An biya ni, sai dai ba duka ba, domin shekara biyu kawai ake waiwaya baya, ko uku in an tabbatar da gangan aka yi. Kunya da "kada a ce na cika rigima" suka sa na yi jinkiri, watannin farko suka bi ruwa.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Houston, Jihar Texas, Amurka