Ba mu ma'aikata kaɗai ke da laifi ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya iyali?

Na ji shirinku kan yawon buɗe ido a Ghana, inda wani ya bugo waya yake cewa mu ma'aikatan otel mun fi girmama Bature a kan ɗan'uwanmu baƙar fata. Gaskiya ya faɗa, amma rabin zancen ya kawo.

Ni ina kai wa baƙi abinci ne a wani otel na bakin teku tsakanin Cape Coast da Elmina. Ɗan ƙasa zai zo da iyalinsa cikin shiga ta mutunci, maigadi ya tsare shi a get, ina lambar ɗakinka, wa ka zo gani, can sai ga Bature da gajeren wando da silifas ya wuce abinsa har da sara masa. To wa ya ba maigadin wannan umarni? Ai ba shi ya ƙirƙiro ba, daga ofis aka ce masa ya yi. Ga albashin ba ya kai mutum ƙarshen wata, dole kowa ya riƙa rububin teburin da yake sa ran za a miƙo masa dala ko yuro. Kuma fa baƙo na iya ɗaukar ka hoto ba izini, ya kira ka da ƙyasta yatsa, kai dai murmushi, don in ya rubuta ƙorafi a intanet ba mai tambayar ka ya aka yi, sallama ce kawai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne baƙaƙen Amurka, waɗanda suka ƙaru tun 2019 da gwamnati ta gayyace su shekarar dawowa gida. Za su dawo daga ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, sun ga kurkukun da aka tsare kakanninsu kafin a loda su a jirgi, ido jawur sun sha kuka, su zauna jiran abinci, sai a fara kai wa Jamusawan da suka zo bayansu. Wallahi sai ka ji kunya ta rufe ka.

Don Allah shiri na gaba ku gayyato masu otel da hukumar yawon buɗe ido ta ƙasa, ku tambaye su nawa suke biyan mu, kuma me ya sa kujerar manaja sau da yawa sai an ɗauko mutum daga waje.

Naku,
mai sauraronku daga zangon Cape Coast